Shirun Ummuhani

Parakou, Litinin 7 ga Maris 1966, bayan la'asar

Yau Darakta ya shigo ajina ba sallama kamar yadda ya saba, ya tsaya a baya yana kaɗa makullai. Yara saba'in da wani abu, kowa ya natsu kamar mutumin kirki. Ina tsakiyar darasi sai Ummuhani ta ɗaga hannu. Ummuhani 'yar yayata Turai ce, shekararta tara. Ni na ɗauko ta daga Djougou na sa ta lakwal, wato makarantar boko, bayan na sha jayayya da duk gidanmu har muryata ta dushe. To ita ce ta miƙe a gaban Darakta ta ce, da Hausa tsantsa, "Kawu, zan zagaya."

Kawu. A cikin aji.

Na ce mata, "En français," wato da faransanci. Ta dube ni. Na maimaita. Ta buɗe baki ta rufe. Ta san jimlar sarai, a bango ma take rubuce, da hannuna na rubuta ta. Doka kuma doka ce: duk yaron da aka ji yana yaren gidansu a lakwal, a rataya masa sambol. Namu muƙamuƙin akuya ne da igiya. Mai ɗauke da shi sai ya yi ta kasa kunne har ya kama wani ya miƙa masa, wanda kuma aka tashi yana wuyansa ya sha tsumagiya biyar a tafin hannu. Ba ni na ƙirƙiro ba. Ni ma na sha rataya shi a zamanina, ga shi yau ana ce mini Monsieur Badamasi, ko Mushe a bakin mutanenmu. Na rataya mata, na ce ta tsaya gaban allo har jimlar ta zo mata.

Abin da ya biyo baya ba sai na rubuta ba. An zuba yashi a wurin. Waɗanda suka yi dariya na san su. Darakta ya ce aikina yana kyau.

Da matata Salamatu tana nan, ita za ta wanke rigar. Amma ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Djougou, ta haihu, tana can tana wanka. Ni na wanke, na shanya a bayan ɗaki inda maƙwabta ba za su gani ba.

Da Hausa nake rubutu a wannan kaye, littafin rubutuna, don Darakta ba ya jin ta. Wannan daban ne, kada wani ya haɗa.

Talata, da safe

Na ce "bonjour", ba ta amsa ba. Fushin yara ne. Zuwa azahar yunwa za ta buɗe bakin.

Talata, bayan magariba

Ta cinye kwanon wasa-wasa ta suɗe hannu. Bakin yana buɗuwa lafiya lau, magana ce dai ba ta fitowa.

Laraba 9 ga Maris, da yamma

Sabuwar fitina. Sambol yana wuyanta har yanzu, domin kafin ta rabu da shi sai ta nuna wani ta ce ta ji shi, ita kuwa ko uffan ba ta cewa. Shaiɗanun yaran nan sun gane. Lokacin shan iska suna kewaye ta suna zuba Dendanci da Barganci da Fillanci da Hausa son ransu, wani har waƙa yake rera mata a kunne. Da can kowa tsoron kowa yake. Makon jiya ma wani ya taka ƙafar ɗan'uwansa da gangan don ya ce "wayyo" maimakon "aïe", sai da na zauna na yanke hukunci a kan ko wayyo yare ne. Yare ne. Yau kuwa filin lakwal ya koma kamar tasha ranar da jirgin Cotonou ya iso. Suna kawo mata gyaɗa da mangwaro don kada ta canja shawara.

Da aka tashi na ɗauki tsumagiya, ta miƙo hannu tun kafin in kira ta. Na ce yau kafaɗata tana ciwo. Jiya ma haka na ce, shekaranjiya ma haka.

Alhamis, da hantsi

Babu lakwal yau. Na cire mata ƙashin na jefa a akwatina, na ce magana ta wuce, an yafe mata. Da faransanci na faɗa, a hankali, domin tun da ta zo hannuna a gida ma faransanci nake mata. Haka ake gina yaro. Ta gyaɗa kai. Na ce to ta ce "merci". Ta sake gyaɗa kai.

Asabar, da rana

Ba ta yi magana ba.

Litinin 14 ga Maris, bayan la'asar

Darakta ya yi bincike na tsawon shan sigari ɗaya, ya gano ciwon. Ya ce taurin kai ne irin namu na mutanen arewa, maganinsa kusanci da malami. Ya sa na dawo da ita bencin gaba, dab da teburina, inda ko numfashina tana ji. Na ba su dikte, ina karantawa suna rubutawa. Nata babu kuskure ko ɗaya, har da waƙafin da ni kaina na manta. Na tambaye ta biyu a tara da biyu, ta ƙura wa takalmina ido.

Takalmin nan a Cotonou na saye shi, baƙi sau-ciki, yana kuka ƙiƙi-ƙiƙi in ina tafiya. Ina son kukan, domin tun daga nesa yara suke jin tahowata su shiga hankalinsu. A ƙasar nan ana sauya gwamnati kamar riga, dole a samu abu ɗaya da yara za su dogara da shi.

Laraba 16 ga Maris, da azahar

Na kai ta asibiti. Malamin asibitin ya danne mata harshe da cokali ya ce ta ce "a". Ba ta ce ba. Ya tura ni waje in yanko kati. Da na dawo ya ce, "Mushe, yarinyarka lafiyarta ƙalau. Ta gaya mini sunanta da na garinsu, har ta ce cokalina bai wanku ba."

Na ce to ta maimaita in ji. Muka tsaya mu biyu muna kallonta, ita tana kallon ƙasa. Ya sosa ƙeya ya ce to abin yana zuwa yana tafiya ne kamar zazzaɓi, ya ba ta kini, maganin zazzaɓin cizon sauro. Duk wanda ya shiga wurin mutumin nan da kini yake fitowa, ko da ƙafa ya karye.

Juma'a, da yamma

Na dawo daga taron malamai, tun daga bakin hanya na jiyo wata murya a tsakar gida tana yi wa kajin mai gidan hayarmu faɗa, tana kiransu marasa tarbiyya. Ina taka ƙofa abin ya ɗauke. Ummuhani kaɗai ce zaune tana ɓare gyaɗa. Rediyon maƙwabci ke nan. Mutumin nan ba ya tausayin batir.

Lahadi, da safe

Ba ta yi magana ba. Ba laifina ba ne, doka ce.

Talata 22 ga Maris, bayan magariba

Ban gaya wa kowa ba, amma labari ya hau kamiyon doya, wato motar kaya, ya isa Djougou. Salihu direba ya kawo saƙon Inna, mahaifiyata. Ya tsaya a bakin ƙofa ya zayyano shi har da kaɗa yatsa irin nata: in kai mata jikarta da hutun nan, in kuma ta ga yarinya babu baki, to ita da lakwal har abada.

"Ta ce kuma in gaya maka," in ji Salihu, "aku ta ba ka, kada ka kuskura ka mayar mata da ƙadangare."

Na ce ya je ya ce mata komai yana ƙarƙashin kulawa ta ilimi. Ya ce shi dai ba zai iya faɗin wannan a gaban Inna ba, yana da iyali.

Idan aka cire yarinyar nan, babu wata mace a gidanmu da za ta sake taka ƙofar aji, har jikokin jikoki za a riƙa ba da misali da ita. Kuma kanta ya fi na duk yaran ajina. Ya fi nawa lokacin ina shekarunta. Wannan a nan kawai zan faɗa. Tsoro nake ji, wallahi.

Alhamis, bayan azahar

Na sayo alewa. Na buɗe kifin gwangwani wanda nake ajiye wa baƙi. Na karanta mata labarin dabbobi da faransanci ina canja murya, har kukan jaki na yi, mai gida ta leƙo ta taga ta koma a hankali. Ummuhani ta ci kifin, ta ɗauko allonta ta rubuta da alli, ta juyo mini shi: "Merci Monsieur."

Rubutu mai kyau, babu kuskure. Na ce madalla. Na fita waje na daɗe ina duba tayar kekena, wadda babu abin da ya same ta.

Asabar, da rana

Ban iya cin abinci ba. Zafin gari ne.

Laraba 30 ga Maris, da yamma

An ba da hutu. Gobe Djougou. Ba ta yi magana ba.

Djougou, Alhamis, jajibirin Babbar Sallah, bayan la'asar

Mun iso a kamiyon Salihu, jajawur da mu kamar an tono mu. Na tsaya a zaure ina gaisawa da 'yan'uwa maza, ita ta shige ciki. Ba a jima ba Yaya Turai ta fito tana tafa hannu.

"Badamasi, mutane ba su da tsoron Allah. Wa ya ce 'yata ta kurumce? Ga ta can tana ba mu labarin jirgin ƙasa, ta hana kowa saka baki."

Na bar gaisuwa a tsakiya na shiga da sauri. Mata cike da tsakar gida, Ummuhani a tsakiyarsu, hannunta ɗaya a sama inda labari ya kai ta. Ta sauke hannun. Ta sunkuyar da kai.

"Yanzu fa take magana," in ji Yaya.

Na yi musu bayani cewa abin yana zuwa yana tafiya ne kamar zazzaɓi, likita ya tabbatar. Inna tana kan tabarma tana kankare goro. Ta dube ni daga tabarau har takalmi ta ce, "Ka rame." Sannan ta ce bayan Sallah a kira Malam Sammani.

Juma'a, ranar Sallah, bayan magariba

Kowa ya ji muryarta yau. Mai kiran salla ya ji, mahauci ya ji, har makauniyar ƙofar masallaci ta ce mini, "Wannan 'yar taku akwai baki." Ni kaɗai ne kurma a Djougou.

Litinin 4 ga Afrilu, da azahar

Malam Sammani ya zo. Shi ya koya mini alif da ba kafin lakwal ta ɗauke ni, kuma har yau kallon kayan da aka sace masa yake mini. Ya shiga ɗakin Inna da yarinya, ni aka ce in jira a rumfa. Ta karanta masa Fatiha da ƙananan surori tiryan-tiryan. Ya aiko a kira ni in ga ikon Allah. Na shiga, ikon Allah ya tsaya cak.

Malam ya shafa gemu. "Fita." Na fita. Aka ce ta ci gaba. "Shigo." Na shigo. Haka ya yi ta yi da ni kamar akuyar da ake tayawa a kasuwa, har ya gamsu.

"Hajiya," ya ce wa Inna, "abin nan ba a jikin yarinya yake ba. A cikin kayan Nasaran nan yake. Gobe za mu gane wanne."

Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan ba hanyar ilimi ba ce." Ya ce in kawo tawa hanyar ya gani. Tawa hanyar kini ce, kini kuwa ya ƙare.

Talata, bayan la'asar

An tuɓe ni. An ba ni tsohuwar rigar marigayi babanmu, aka zaunar da ni a zaure, aka riƙa shiga da kayana ɗaya bayan ɗaya a kan faifai. Yaya Turai ce take kawo mini rahoto, tana jin daɗin aikin fiye da kima.

Karabat ɗin wuyana: ta yi magana, ta ce ya yi kama da wutsiyar saniya. Alƙalamina: ta yi magana. Tabarau: ta yi magana, har ta saka a fuskarta. Takalmi a kan faifai: ta yi magana. Malam ya kusa sallamar kayan duka, sai ya ce ai takalmi ba a faifai yake aikinsa ba, wani ya saka ya taka. Yaya ta zura ƙafa ta zagaya ta bayan ɗaki. Ƙiƙi-ƙiƙi, ƙiƙi-ƙiƙi. An ce kalma tana bakin yarinyar ta katse a tsakiya.

Gida ya ɗauki salati. An kama mai laifi. Aka jiƙa takalmina na Cotonou a ƙwaryar rubutu, aka turara shi, aka ɗaure a buhu aka rataye a bayan rumbu. Na yi magana a kan kuɗinsa babu wanda ya saurare ni. Sannan aka ce in shiga haka nan, ƙafa a ƙasa, cikin rigar babanmu, yau kam za a sha labari.

Na shiga. Ta ɗago ta gan ni. Shiru.

Malam Sammani ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To. Ya bar takalmin ya koma mai takalmin." Ya rubuta mini rubutu na sha na mako guda, safe da yamma.

Laraba, da safe

Na sha rubutu. Ni, mai takardar shaidar koyarwa da hatimin gwamnati. Ba don na yarda ba, don Inna tana tsaye a kaina ne.

Alhamis 7 ga Afrilu, da yamma

Inna ta yanke hukunci, ko zama ba ta ce in yi ba. Yarinya ba za ta koma Parakou ba, lakwal ta ƙare. Za ta riƙa taya uwarta jera goro a ganye. Na yi bayani a kan ci gaban ƙasa da makomar 'ya'ya mata, na kawo misalai. Ta bari na gama.

"Ubanka ya yi fatauci da harshe biyar," ta ce, "daga nan har Gwanja. Wa ya rataya masa ƙashin akuya kafin ya koya?"

Ashe ta gaya musu zancen ƙashin. Ban san ko ta gaya musu sauran ba. Ban tambaya ba.

Juma'a, bayan masallaci

Na je gidan surukaina ganin jariri, a kunyace, cikin silifan aro. Ɗana ya yi ƙiba, ya kama yatsana ya ƙi saki. Shi dai bai san ko ni wane ne ba tukuna. Na fara gaya wa Salamatu abin da ke faruwa ta fuskar ilimi, ta katse ni.

"Malam, kullum da hantsi Ummu tana zuwa nan wurin jariri. Gobe ka zo ta ƙofar baya, ka zauna bayan zana inda ake dafa mini ruwan wanka. Kada ka yi tari, kada ka yi gyaran muryar nan taka."

Na ce ni ba ni da wani gyaran murya. Ta yi dariya har jaririn ya farka.

Asabar 9 ga Afrilu, da azahar

Na je. Na tsuguna tsakanin tukunyar ruwan zafi da tarin itace kamar ɓarawon kaji. Ta ramin zana ina ganin tsakar gida.

Ummuhani ta buɗe lakwal. Ta jera surukata da ƙannenta da wasu tsofaffi biyu a kan tabarma, ta riƙe muciya, ta goya hannu a baya, ta turo ciki gaba. Ni ba na turo ciki. Da bakinta take yin kukan takalmin, ƙiƙi-ƙiƙi, ta tsaya, ta yi gyaran murya sau biyu, ta ce, "Silence." Matan suka kwanta da dariya. Daga nan ta zuba darasi cikakke, da faransancin da ban taɓa jin irinsa a bakin ɗan aji uku ba, har da yadda nake jan ƙarshen kalma in na ga Darakta. Surukata ta ce wani abu da Dendanci, nan take aka rataya mata ludayi a wuya. Matar da ko idonta ba na iya kallo, ga ta da ludayi tana roƙon a yafe mata. Tsakani da Allah na ciji hannun riga don kada in yi dariya. Raina ya ɓaci, amma kuma alfahari ya kama ni. Ni na koyar da ita.

Sai ta ɗauko 'yar tsanarta ta totuwar masara ta jingina da turmi. Ta canja murya, ta mayar da ita ƙarama ƙwarai, ta ce, "Kawu, zan zagaya."

Ta koma muryata. "En français."

Matan suna jiran abin dariya. Ta tsaya tana kallon 'yar tsanar, muciya a hannu, ta daɗe. Sannan ta ajiye muciyar ta durƙusa, ta ce da muryata, amma da Hausa, "Je ki, Ummu. Yi sauri ki dawo." Ta ɗauki 'yar tsanar ta kai ta bayan turmi, ta jira kaɗan, ta dawo da ita ta zaunar a cikin 'yan aji. Ta ci gaba da darasi.

Ban ga ƙarshen darasin ba. Itacen ɗanye ne, hayaƙi ya cika mini ido.

Da Salamatu ta zagayo ɗiban ruwa ta same ni a wurin. Ta ce a hankali, "Kullum sai ta yi wannan. Kullum kuma sai ta bar ta ta tafi." Ta miƙo mini gefen zanenta, na ce hayaƙi ne. Ta ce ta sani.

Lahadi, da safe

Ban rubuta komai a kan doka ba yau.

Litinin 11 ga Afrilu, bayan azahar

Na sami Inna ita kaɗai. Ban kawo misalai ba. Na zauna a ƙasa na ce, "Inna, kada a cire ta. In ni ne, a cire ni."

Ta tauna goro ta daɗe. "Sai yau rubutun Malam ya kama ka," ta ce. "'Ya'yan mutane in an tashi daga lakwal gida suke komawa. Ita ina take komawa? Ta tashi da Mushe, ta ci da Mushe, ta kwana Mushe yana tari a ɗakin gaba. Matarka da take hira da ita ta taho haihuwa. Ko ni aka yi wa haka sai bakina ya mutu."

Na ce haka ne.

"Na yarda ta yi lakwal," ta ce. "Amma lakwal ɗin da babu kai a ciki."

Za ta zauna wurin Inna ta shiga ta nan Djougou. Na yi godiya. Abin ya yi mini daɗi, ya kuma yi mini ciwo, ban san wanne ya fi ba.

Talata, da yamma

Na je wurin Abdulbaƙi, malamin aji uku na nan, tare muka yi karatu. Su nasu sambol ɗin ƙahon rago ne. Na roƙe shi abu ɗaya: in yarinyar nan ta nemi fita, da kowane harshe ta nema, ko da hannu ta nuna, ya bar ta. Ya gyara zama ya ce mini doka doka ce. Ashe maganar nan ba ta da daɗin ji a bakin wani. Sai da na ƙara da rabin soyayyen naman layyata kafin ya gano cewa dokar tana da sassauci.

Laraba, bayan la'asar

Na same ta a gindin mangwaro ita kaɗai. Na shirya maganata tun safe, da Hausa, mai kyau, har na gwada ta a bayan gida. Na tsuguna a gabanta. Ta sunkuyar da kai. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Mangwaron bana bai kai na bara zaƙi ba."

Ta dube ni da mamaki, don tun da na ɗauke ta ba ta ji Hausa a bakina zuwa gare ta ba. Na ce, "Ko ya kai?" Ba ta amsa ba. Ta zaɓi ɗaya a cikin nata ta ajiye kusa da ƙafata, ta tashi ta shiga gida. Ɗanye ne shar, na cinye shi duka.

Parakou, Alhamis 14 ga Afrilu, bayan magariba

Na dawo ni kaɗai.

Da safe Yaya Turai ta rako ni tasha, Ummuhani tana bayanta riƙe da gefen zane. Na hau bayan kamiyon Salihu na zauna a kan buhun doya, kusa da wata tsohuwa mai kwandon zabi. Na yi sallama da Yaya. Na ɗaga wa yarinyar hannu, ta dubi ƙasa. Salihu ya tayar da injinsa mai kukan tsiya, muka fara tafiya.

Mun ɗan yi nisa sai na ga ta saki zanen uwarta ta biyo mu da gudu kaɗan, ta tsaya a tsakiyar hanya. Idonta a kaina. Bakinta yana motsi. Inji yana ruri, zabi suna ihu, ban ji komai ba. Na bubbuga ƙarfe na ce Salihu ya tsaya, shi ma bai ji ba.

Na kama hannun tsohuwar. "Baba, kin ji abin da yarinyar can ta ce?"

"Cewa ta yi, Kawu, a sauka lafiya."

"Kawu ta ce? Kin tabbata?"

"Ni ba kurma ba ce."

"Da wane harshe?"

Ta dube ni kamar mai taɓin hankali. "Da Hausa mana. Da me kake so ta yi?"

Na miƙe tsaye a kan buhu, da karabat ɗina da tabarau da silifan aro, na ƙwala iya ƙarfina, "Amin, Ummu, na ji." Kamiyo ya faɗa rami na zube a kan kwandon zabi. Tsohuwar ta zage ni tun daga Djougou har rabin hanya, da harshe uku, ban ce mata ta yi da faransanci ba.

Ban sani ba ko ta ji ni. Gobe da sassafe zan tare Salihu in ba shi saƙo da baki, ya kai mata, ya faɗa da Hausa, kada ya ƙara komai nasa.